CIWON ƘODA BA YA BARIN ZUCIYA LAFIYA

Mutane da yawa suna zaton ciwon ƙoda a ƙoda kaɗai yake tsayawa. Ba haka ba ne. Likitoci sun gano cewa da yawa daga cikin masu wannan ciwo zuciya ce take kashe su, tun ƙodar ba ta gama mutuwa ba.

Ga yadda abin yake. Ƙoda biyu ne ke tace jinin mutum dare da rana, suna fid da datti da gishiri da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. In sun raunana, gishiri da ruwa sai su taru cikin jiki, tansiyo ya hau. Wani sinadari mai suna fosfor shi ma ya taru, ya haɗu da kalsiyom, su manne a jikin jijiyoyin jini kamar farin dattin nan da ke kama cikin butar shayi.

Jijiyar mai lafiya kamar sabuwar salka take, tana buɗewa in zuciya ta turo jini, ta koma. Jijiyar mai ciwon ƙoda kuwa sai ta ƙandare kamar fatar da aka manta a rana. Dole zuciya ta ƙara ƙarfin turi. Namanta ya yi kauri, ta gaji. Daga nan sai haki, da kumburin ƙafa, wani lokaci shanyewar ɓarin jiki. Taurin jijiyar kuma ya ƙara ɓata ƙodar.

Abin baƙin ciki, duk wannan yana farawa ba tare da zafi ba. Shi ya sa mai ciwon sukari, da wanda fuskarsa ke kumbura da safe ko fitsarinsa ke yawan kumfa, ya kamata ya je likita a auna tansiyonsa da fitsarinsa. In awo ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, ba sau ɗaya ba, akwai magana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Uwargida ta sani, kanwa da dunƙulen miya su ma cikin lissafin suke. Ƙwayoyin ciwon jiki na ƴan talla, irin su diclofenac da ibuprofen, da manoma ke sha bayan noma, suna cin ƙoda.

In ƙoda ta mutu, sai wankin jini da inji, kamar yadda ake yi a asibitin Lamorde a Yamai, sau 2 ko 3 kowane sati, wajen awa 4 kowane zama. Injin yana fid da datti, amma jijiyar da ta riga ta ƙandare ba ya mai da ita sabuwa.