Taurin ƙashi fiye da kima: dalilai da illoli

Mutane da dama suna zaton cewa iya nauyin ƙashi iya ƙarfinsa. Ba kullum haka yake ba. Ƙashi abu ne mai rai: jiki yana rushe tsoho, yana gina sabo a madadinsa. Idan wannan aiki ya ɓaci, sai ƙashi ya cunkushe, ya yi fari fat a hoton asibiti, alhali kuwa ya zama mai saurin karyewa kamar alli.

Mene ne ke kawo shi?

A yankunanmu, dalilin da ya fi kamata a sani shi ne ruwan sha mai yawan sinadarin fulor. Wannan sinadari yana fitowa ne daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ya narke cikin ruwan wasu rijiyoyin burtsatse. Kaɗan daga cikinsa yana kare haƙora, amma ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1,5 a kowace lita. A farkon shekarun 2000 ne labarin garin Tibiri, kusa da Maraɗi, ya bazu: ɗaruruwan yara sun samu naƙasar ƙashi saboda ruwan famfo da suka yi shekaru suna sha.

Akwai kuma cutar gado da ake kira ƙashin marmara, wadda wani likita Bajamushe, Albers-Schönberg, ya bayyana a shekarar 1904. Ba ta da yawa, amma ta fi aukuwa inda ake auren zumunci. Ga manya, daɗaɗɗen ciwon ƙoda da ciwon dajin da ya yaɗu zuwa ƙashi su ma suna iya kawo wannan tauri.

Waɗanne illoli ne?

Yawan fulor yakan fara bayyana a haƙoran yara ƴan ƙasa da shekara 8: tabo fari, daga baya ya koma ruwan ƙasa. In aka ci gaba da shan ruwan, sai ciwon gaɓoɓi, sanƙarewar wuya da baya, da lanƙwashewar ƙafafu su biyo. Yaran da ba su samun abinci mai gina jiki su suka fi shan wahala. A cutar gado kuwa, ƙashi yana toshe gurbin ɓargo, sai jini ya yi ƙaranci. Yana kuma matse jijiyoyin gani da na ji.

Me ya kamata a yi?

A auna ruwan kowace sabuwar rijiya kafin a fara sha, a kuma riƙa sake aunawa. Fulor ba shi da launi, ba shi da wari, kuma tafasa ruwa ba ya cire shi, sai ma ƙara yawansa. Inda ya wuce kima, a nemi wani ruwan, ko a tace da gawayin ƙashi bisa shawarar ma'aikatan ruwa. A riƙa ba yara nono, zogale da miyar kuka. Iyayen da suka ga tabo a haƙoran ƴaƴansu su hanzarta zuwa gidan likita, domin ƙashin da ya riga ya lanƙwashe, gyaransa yana da wuya.