GUBAR DALMA: ƘURAR DA TA CINYE YARA A ANKA DA BUKKUYUM

Allah ya albarkaci ƙasar Zamfara ta yamma da zinari. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum akwai ramukan haƙar zinari da dama. Samari daga garuruwa na kusa da na nesa suna zuwa can neman abin kansu. Gummi kuwa maƙwabciyar Bukkuyum ce, iyaka ɗaya, kasuwanni ɗaya, ga auratayya. Saboda haka abin da ya taɓa faruwa a can ya shafi mutumin Gummi. Ya kamata kowane magidanci ya san shi, don kada a maimaita.

YADDA ABIN YA FARA

Wajen shekarar 2009 kuɗin zinari ya tashi ƙwarai a kasuwar duniya. Manoma da yawa suka ga haƙar zinari ta fi noma kawo kuɗi. Suka riƙa haƙo duwatsu a daji, suna cika buhuna, suna kawowa cikin gari. Maza suna farfasa dutsen da guduma. Mata suna daka shi a turmi a tsakar gida. Wasu suna kai shi injin niƙa, irin wanda ake niƙa gero da dawa. Daga nan a wanke garin dutsen, a shanya, a fitar da zinari.

Abin da jama'a ba su sani ba shi ne, dutsen nan ba zinari kaɗai ke cikinsa ba. Akwai dalma mai yawa, wadda wasu ke kira darma. Dalma kuwa guba ce. Idan aka niƙa dutsen sai ta zama ƙura. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, da ɗaki, da tabarma, da kwanon abinci, da bakin rijiya.

Da farko agwagi ne suka riƙa mutuwa a ƙauyukan. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga baya sai yara ƙanana suka fara ciwo. Yaro zai yi amai, ya yi ciwon ciki, ya kama jijjiga, kafin kwana kaɗan ya cika. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Wasu suka ce sanƙarau ne. Wasu kuma suka ce iska ce. Aka yi ta magani, ba sauƙi.

YADDA AKA GANO CUTAR

A watan Maris 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suna zagayen ƙauyuka don duba cutar sanƙarau. Suka tarar da sababbin kaburburan yara masu yawa. Aka ɗebi jinin yara aka kai gwaji. Sakamako ya nuna dalma ce ta yi yawa a jininsu.

A watan Mayu na wannan shekara masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, suka zo suka haɗu da jami'an lafiya na Nijeriya. Suka bi gida gida a ƙauyen Dareta na Anka da ƙauyen 'Yargalma na Bukkuyum. Suka ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara 5. A cikinsu 118 sun rasu cikin shekara guda. Wato a duk yara 4, an rasa 1.

Ba ƙauyukan nan biyu kaɗai ba. Gubar ta taɓa Abare, da Sunke, da Tungar Daji, da Duza, da Tungar Guru, da Bagega. An ƙiyasta yara kusan 400 suka rasu a shekarar 2010. Dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu.

ME YA SA YARA SUKA FI SHAN WAHALA?

Yaro ƙarami a ƙasa yake wuni. Yana rarrafe, yana wasa da ƙasa, yana sa hannu a baki. Ta nan ƙurar ke shiga cikinsa. Kuma cikin yaro ya fi na babba saurin tsotse dalma. Ga shi ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ƙwari ba.

Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa, da ƙoda, da jini. Tana iya sa yaro ya makance, ko ya kurmance, ko ya shanye. Wani yaron kuwa ba a ganin alamar komai a jikinsa. Sai ya shiga makaranta a ga ba ya gane karatu. Ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa.

Manya ma ba su tsira ba. Dalma tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda. Tana ɓuya a cikin ƙashi shekara da shekaru. Mace mai ciki tana iya ba ɗan da ke cikinta gubar, tana kuma iya yin ɓari.

YADDA AKA YI MAGANIN ABIN

Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini ta hanyar fitsari. Likita ne kawai ke ba da shi, bayan an gwada jini. Ƙungiyar MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum. Amma maganin ba ya amfani idan yaro zai koma gida mai guba. Kamar ana zuba ruwa ne a tulun da ya huje. Dole sai an fara tsabtace gari.

Ga yadda aka yi. Ma'aikata suka kankare ƙasar saman tsakar gidaje da lunguna. Aka kwashe ta a buhuna, aka kai bayan gari aka binne a manyan ramuka. Aka kawo sabuwar ƙasa mai kyau aka shimfiɗa. Masana daga Amurka da ma'aikatar muhalli ta Jihar Zamfara ne suka yi aikin tare da mutanen ƙauyukan. Sarakuna da masu unguwanni suka sa aka fitar da injinan niƙan dutse daga cikin gari. An tsabtace ƙauyuka 7 a tsakanin 2010 da 2011.

Bagega, wanda ya fi sauran girma, shi ya daɗe yana jira saboda rashin kuɗi. Sai a farkon 2013 Gwamnatin Tarayya, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ta saki kuɗin aikin. A wannan shekarar aka tsabtace garin, yaransa suka fara samun magani.

Daga 2010 zuwa ƙarshen 2021 MSF ta gwada jinin yara fiye da 8,000. Fiye da 3,500 suka sha maganin fitar da dalma. A farkon 2022 ƙungiyar ta miƙa aikin ga Gwamnatin Jihar Zamfara.

HAƊARIN BAI WUCE BA

Wani zai ce ai wannan tsohon labari ne. To, dalmar tana nan cikin dutse, ba inda ta je. A 2015 irin wannan masifa ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A Zamfara ma, wasu gidajen da aka tsabtace sun sake gurɓata, don masu su sun koma kawo dutse gida.

A watan Afrilu 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. A watan Disamba 2024 ta sanar da ɗage hanin. Yaran da aka haifa a 2010 yanzu samari ne, wasu sun isa shiga rami. Da yawansu ba su ga abin da ya faru da idonsu ba. Hakkin manya ne su faɗa musu.

ABIN DA YA KAMATA A KIYAYE

Ba a ce kowa ya bar neman halalinsa ba. Amma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ga abubuwan da za su tsare iyali:

1. Kada a kawo dutsen zinari, ko garinsa, ko buhunsa cikin gida. A yi aikinsa duka a bayan gari, nesa da rijiya da tafki.

2. Kada a niƙa dutse a injin da ake niƙa hatsi. Kada a daka shi a turmin da ake daka fura. Kada a zuba hatsi a buhun da ya ɗauki dutse.

3. A riƙa yayyafa ruwa lokacin fasa dutse da niƙa shi. Jiƙaƙƙen dutse ba ya tayar da ƙura sosai.

4. Mai aiki ya yi wanka, ya canja tufafi da takalmi a wurin aiki, kafin ya dawo gida ya ɗauki ɗansa.

5. Kada yara da mata masu ciki ko masu goyo su je wurin aikin, ko da talla ne ya kai su.

6. A wanke wa yara hannu da sabulu kafin su ci abinci. A rufe abinci da randar ruwa. Tafasa ruwa ba ya fitar da dalma.

7. A yi hattara da kwalli na dutse. Akwai dalma a cikinsa, bai dace a sa wa jariri ba.

8. Idan yaro ya kama amai, ko jijjiga, ko yawan kasala, a garzaya da shi asibiti. A faɗa wa likita gaskiya idan akwai mai aikin zinari a gidan.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A faɗa a masallaci, da majalisa, da gidan suna, da kasuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya raya waɗanda suka rage, amin.