DAGA SAKKWATO ZUWA SHIKAGO: MAKAƊAN BIKIN BAZARA DA YA KAMATA KA SAURARA

Yau za mu ɗan yi nisan kiwo ne, mu bar su Kano da Kaduna mu leƙa birnin Shikago na ƙasar Amurka, inda aka shekara goma sha tara ana wani bikin kaɗe-kaɗe a tsakiyar bazararsu, mai suna Pitchfork Music Festival. To amma kafin mu kai can, bari mu fara biyawa ta Sakkwato, domin labarin da ya fi daɗi a cikin wannan biki daga nan gida ya faro.

A shekarar 2008 wani saurayi Buzu, mutumin Abalak ta ƙasar Nijar, ya shigo Sakkwato da jitarsa ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. Abin da ya ɗauka a lokacin, wato kundin da ya sa wa suna Anar, duk wanda ya ji zai rantse waƙar fim ɗin Hausa ce, saboda irin kiɗan fiyano da kuma muryar nan da ake lanƙwasawa da na'ura, sai dai harshen Tamashek ne. Babu kamfanin da ya buga masa, babu gidan rediyon da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta yawo, wannan ya tura wa wancan, wancan ya kwafa a memori, har suka kai ƙasar Mali. A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya daga ciki, ya sa ta a wani faifai na waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara, sannan ya shiga cigiyar mai waƙar har ya same shi.

Shekara goma sha biyar bayan zuwansa Sakkwato, ranar Lahadi 23 ga Yulin 2023, ga wannan bawan Allah da rawaninsa a kan dandamali a filin Union Park na Shikago. Za mu dawo kansa, don abin da ya same shi bayan kwana uku abin tausayi ne.

WAI SHIN MENE NE "INDI"?

Kada mai karatu ya ji an ce kiɗan indi ya ɗauka su Lata Mangeshkar ake nufi. Babu ruwansa da Indiya. Kalma ce da Turawa suka gutsuro daga kalmarsu ta cin gashin kai, ma'ana makaɗan da ba su ƙarƙashin manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwa. Ƙananan kamfanoni ne ke buga musu waƙa, wani ma shi ke buga abinsa da kansa, ya ɗauki kayansa a mota yana bin gari-gari. Duk wanda ya san yadda marubuci ke tara ɗan kuɗinsa ya buga littafi ya kai kasuwa da hannunsa, to ya san rayuwar ɗan indi. Yanzu dai kalmar ta faɗaɗa, har da waɗanda suka yi suna suka yi kuɗi ana kiransu da ita.

Ita Pitchfork mujallar waƙa ce ta intanet, wadda ta yi suna wajen ba kowane kundi maki daga sifiri zuwa goma. A 2006 ta fara wannan biki da sunanta. Daga baya ya zama na kwana uku, Juma'a zuwa Lahadi, a kan dandamali uku: ja, kore da shuɗi. Mun zaɓi na shekarar 2023 ne saboda a ganinmu da wuya a sake haɗa jerin makaɗa da suka dace da kunnenmu kamar na wannan shekara. Su fiye da arba'in ne, ba za mu bi su ɗaya-ɗaya ba. Ga dai waɗanda muke ganin ba za ka yi asarar datarka ba.

MAI NEMAN AURE DA BAKINTA

Mu fara da ƙungiyar Alvvays ta ƙasar Kanada, wadda ta yi wasa ranar Juma'a. Shugabarsu Molly Rankin 'yar gado ce, don mahaifinta makaɗi ne a wata sananniyar ƙungiya ta 'yan gida ɗaya, ya rasu a hatsarin mota a shekarar 2000 tana yarinya. Waƙar da ta fito da su a 2014 ita ce "Archie, Marry Me", kuma 'yan mata, ku matso kusa, don taku ce. Budurwa ce ta gaji da jan ƙafar saurayi. Shi yana ta kawo uzurin bashin karatu da tsoron ɗawainiyar da ke biyo bayan saki, ita kuwa ta nuna masa ba ta bukatar wani shagali, a ɗaura kawai. Wace ce a cikinmu ba ta san irin wannan saurayi ba, mai zuwa zance shekara uku amma ko goro iyayensa ba su kawo ba? Kiɗan yana da zaƙi, jita tana ta ƙara kamar ruwan sama a kan kwano, muryar yarinyar kuma tana yawo a samansa ba tare da ta ɗaga ta ba.

Kundinsu na uku, Blue Rev, sai a 2022 ya fito, shekara biyar bayan na biyu. Dalili kuwa, ɓarawo ya shiga gidan Molly ya ɗauke na'urar da ta tara sababbin waƙoƙinta, washegari kuma ambaliya ta shiga inda suke ajiye kayan kiɗa, sannan ga annobar korona ta zo ta rufe iyaka. Duk da haka shi ne mafi kyawun aikinsu.

Waɗanda suka rufe daren Juma'ar su ne The Smile, wato Thom Yorke da Jonny Greenwood na tsohuwar ƙungiyar nan ta Ingila, Radiohead, tare da mai ganga Tom Skinner. Gaskiya kiɗansu ba ya shiga kai a ji na farko. Amma ka kasa kunne wajen gangar, za ka ji ƙamshin kiɗan su Fela a wasu wurare.

SUN RABU, AMMA BA SU RABA JITA BA

Ranar Asabar kuwa Big Thief ne manyan baƙi, kuma a nan ne labarin yake. Mai waƙar, Adrianne Lenker, da mai jita, Buck Meek, sun haɗu a Niyok, suka yi ta yawon kiɗa tare a wata tsohuwar mota, suka yi aure a 2015. A 2018 auren ya mutu. A wajenmu da yawa idan aka kai nan, to ko hanya ba a sake haɗawa, kowa ya kama gabansa, dangi ma su shiga gaba. Su kuwa waɗannan ba su fasa ƙungiyar ba. Shekara guda bayan rabuwar, a 2019, kundi biyu suka fitar, U.F.O.F. da Two Hands, kuma har zuwa wannan dare na Shikago ga shi tsaye a gefenta yana yi mata amshi. Ko yaya zuciya take jure wannan? Oho. Mu dai abin da kunne ya ji shi ne, muryoyin nan biyu sun san juna irin sanin da ba a koyonsa a ɗakin gwaji.

Muryar Adrianne siririya ce, tana rawa kamar ta wanda ya gama kuka, sai kuma can ka ji ta ɓarke da ƙara. Mai son farawa ya nemi kundinsu na 2022, Dragon New Warm Mountain I Believe in You. Sunan ya yi tsawo, waƙoƙin ma ashirin ne, amma akwai na raha da goge irin na ƙauyen Amurka, akwai kuma na zaman shiru bayan an kwantar da yara.

A wannan rana dai akwai 'yar makwabta, Vagabon, wadda sunanta Laetitia Tamko. A Yawunde ta ƙasar Kamaru aka haife ta, iyayenta suka koma Niyok tana da shekara 13. Injiniyan kwamfuta ta karanta, jita kuwa ita ta koya wa kanta. Bayan rasuwar wani amininta a 2021 sai ta tattara ta koma wani ƙauye a Jamus, kuma maimakon waƙar makoki, sai ta fito da kundin rawa, Sorry I Haven't Called, a watan Satumbar 2023. Uwargida, wannan shi ne na lokacin shara da wanke-wanke.

CIWON SO A CIKIN DUSAR ƘANƘARA

Wanda ya rufe bikin gaba ɗaya ranar Lahadi shi ne Bon Iver, kuma duk mai karanta littattafan soyayya ya kamata ya san labarin Justin Vernon, mai wannan ƙungiya. A 2006 abubuwa uku suka haɗar masa lokaci guda: ƙungiyarsu ta watse, ya rabu da budurwarsa, ga ciwo ya kwantar da shi har ya taɓa hanta. Sai ya ɗauki 'yan kayansa ya tafi wata bukkar farauta ta mahaifinsa a dajin jihar Wiskonsin, a tsakiyar hunturu, ya yi kamar wata uku shi kaɗai, yana faskare, yana cin naman barewa. A nan ya ɗauki waƙoƙin For Emma, Forever Ago da tsohuwar jita da 'yar na'ura. Da yake ba shi da 'yan amshi, sai ya riƙa ɗaukar muryarsa yana ɗora wata a kan wata, har ta zama kamar taron mutane ne ke rera baƙin cikin mutum ɗaya. Shi ya fara fitar da abinsa da kansa a 2007, kuma a 2012 ya karɓi kyautar Grammy ta sabon tauraro.

Shawara dai, wanda aka yi wa kwacen budurwa cikin watan nan ya ɗan dakata da wannan kundi tukuna.

Kafin shi an yi Kelela, wadda iyayenta mutanen Habasha ne, mai sanyin murya, kundinta Raven na tsakar dare ne. An yi Koffee 'yar Jamaika, wadda ta ci Grammy ta kiɗan rege a 2020 tana da shekara 19, mace ta farko da ta taɓa ci. Ita kam ko ba ka jin abin da take faɗa sai ka gyaɗa kai. Akwai kuma Killer Mike da JPEGMAFIA, gwanayen gambarar zamani ne ba musu, amma bakinsu babu linzami, kada a kunna su a falo gaban yara ko surukai.

SAI ƊAN ABALAK

To mu koma kan namu. Mdou Moctar ya taso a gidan da ba a son kiɗa, don haka jitarsa ta farko shi ya ƙera abarsa da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa. A gidajen biki ya goge, irin bikin da ake shimfiɗa tabarmi a fili a tayar da janareta, a kwana ana rawa. Wannan ne ya sa kiɗansa yake farawa a hankali kamar tafiyar raƙumi, ganga tana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, kafin ka farga yatsunsa sun rikice a kan jita, abin ya zama guguwa. Turawa suna kwatanta shi da Jimi Hendrix, amma wanda ya fara burge shi yana yaro Abdallah Oumbadougou ne, makaɗin Abzinawa na Nijar. Har fim ya yi a Agadas, wanda ya fito a 2015, labarin makaɗi mai yawo a kan babur yana fama da mahaifi da abokan hamayya da kuma soyayya.

A Shikago su huɗu ne: shi, da Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganga, sai Ba'amurke ɗaya, Mikey Coltun, mai jitar bas. Kundin da za ka fara nema shi ne Afrique Victime na 2021, wanda kamfanin Matador ya buga. Waƙar da ke ɗauke da sunan kundin kuka ne a kan abin da aka yi wa Afirka, kuma ƙarshenta sai ka rage ƙarar rediyo. Amma masoya su nemi "Tala Tannam", mai taushi ce ƙwarai, jita ce ta katako da amshi a hankali, irin wadda za a saurara a tsakar gida da farin wata.

Kwana uku da sauka daga wannan dandamali, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai suka karɓe mulki, aka rufe iyakokin ƙasa da sararin sama. Mutum uku 'yan Nijar suka wayi gari a Amurka babu hanyar komawa gida, iyalansu suna can, guzurin da aka yi na 'yan makonni ne. Allah Sarki! Ka tuna su ba manyan taurari ba ne masu gidaje a ko'ina, abin da suka samu a yawon wasa shi ake jira a gida. Sai da aka buɗe asusun neman taimako a intanet, masoyan kiɗansu suka yi karo-karo aka samu na masauki da abinci.

A cikin wannan zaman jiran ne suka shiga wani ɗakin ɗaukar waƙa a unguwar Buruklin ta Niyok. Dama sun riga sun gama wani kundi mai zafi, Funeral for Justice, wanda ya fito a 2024, inda Mdou ya fito fili ya soki Faransa a kan yadda ake kwasar arzikin Nijar ana barin mutanenta cikin duhu. Sai suka zauna suka sake kaɗa waƙoƙin nan ba tare da hayaniyar lantarki ba, aka fitar da su a watan Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice. Idan ka ji na farkon za ka ji fushi. Na biyun kuwa muryar mutanen da ba su san ranar da za su ga 'ya'yansu ba ce, kuma a wajenmu ya fi shiga rai.

Shi kansa bikin bai daɗe ba bayan nan. An yi na 2024, sannan a watan Nuwamba na wannan shekara masu shi suka ba da sanarwar ba za a sake yinsa a Shikago ba. Waƙoƙin dai suna nan a YouTube da sauran wuraren saurare. Wanda kuma data ta yi wa tsada, ya ba mai tura waƙa na bakin kasuwa sunayen nan a rubuce, ya ce a fara sa masa Anar, don ya ji yadda abin ya soma a Sakkwato.