Yadda Saƙon Murya Ke Tafiya Tsakanin Rassan Kasuwanci

Kasuwar shanu ta Wudil, wadda ke ci ranar Juma'a, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. A ɗauki misalin attajiri mai ofis a Sabon Garin Wudil, da reshe a birnin Kano, da kuma wakili a Legas. Wayar tarho tana da sharaɗi mai tsauri a kansa: dole mai kira da wanda ake kira su kasance a bakin waya a lokaci guda. In wakili ya fita sauke kaya, magana ta faɗi, wataƙila har da ciniki.

Masu nazarin halittu sun san cewa jikin ɗan Adam yana da hanyoyin aika saƙo iri biyu. Jijiyoyi suna isar da shi nan take, kamar kiran tarho. Sinadaran da ake kira homon kuwa, zuba su ake yi cikin jini su yi ta zagaye, ba sa aiki sai a kan ƙwayoyin da ke da makarɓarsu. Saƙon murya ya fi kama da na biyun, wato a ajiye magana, a tura ta, mai ita ya saurara idan ya samu sarari. Wani Ba'amurke mai suna Gordon Matthews na cikin waɗanda suka mayar da wannan dabara haja, kuma kamfanin 3M ya sayi na'urarsa a 1980.

Na'urar takan ba kowane ma'aikaci akwatin murya mai lambarsa. Wahala tana tasowa ne idan rassa suka yi yawa, kowanne da tasa na'urar, sau da yawa ma ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Abu na farko da ake bukata shi ne adireshi. Idan akwai akwati mai lamba 201 a Wudil, akwai wani 201 a Legas, tilas a ƙara wa kowane reshe lambar gaba da za ta bambanta shi, in ba haka ba farashin da aka yi nufin ya isa kunnen wakili sai ya faɗa akwatin wani. Na biyu shi ne harshen da na'urorin za su fahimci juna da shi.

Tsarin farko da masana'antu suka amince da shi, mai suna AMIS, abin sha'awa ne saboda sauƙinsa. Na'urar wannan reshe ce ke buga wa ta wancan waya, ta sanar da lambar akwati da irin sautin da maɓallan tarho ke fitarwa, sannan ta kunna saƙon, ɗayar tana naɗa. Aibinsa a fili yake: saƙon minti biyar sai ya ci minti biyar na kiran nesa, kuma duk ƙarar da ke kan layi tana shiga cikin naɗin, kamar kaset da aka kwafa daga wani kaset.

Magani ya zo ne daga mayar da murya lambobi. Na'ura tana auna sautin sau 8,000 a kowace daƙiƙa. Wannan ya wadatar domin tarho ba ya ɗaukar sautin da ya wuce kaɗawa 3,400 a daƙiƙa, ko da yake kunnen matashi yana iya jin har kusan 20,000. Shi ya sa muryar ɗan'uwa kan ɗan sauya a waya. Da zarar magana ta zama lambobi, ana iya matse ta, a kwafe ta sau ɗari ba ta dusashe ba. A kan haka aka gina tsarin VPIM, wanda aka fara wallafawa a 1996, inda ake tura murya tsakanin rassa kamar wasiƙar imel.

A Nijeriya kuwa, wannan fasaha ta ofisoshi ba ta yaɗu ba, domin layukan da kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, ya samar ba su kai rabin miliyan ba lokacin da wayar salula ta GSM ta fara aiki a watan Agusta na 2001. Galibin 'yan kasuwar Arewa sun san saƙon murya ne ta WhatsApp, wanda ya ƙara shi a 2013, kuma ya dace da su ƙwarai, tun da wanda bai iya rubutun boko ba ma yana iya aikawa da Hausarsa. Asalin dabarar bai canza ba: lambar waya ce adireshi, kwamfutocin kamfanin ne ke riƙe saƙon har wayar mai shi ta hau intanet. Sai dai jinkirin yana nan. Farashin bijimi da aka faɗa da hantsi a karar Wudil yana iya sauyawa kafin wakilin Legas ya saurara da la'asar, don haka ya kamata mai aikawa ya ambaci rana da lokaci a cikin maganarsa.