Yadda magungunan barci da na damuwa ke jefa tsofaffi cikin haɗarin faɗuwa

Idan dattijo ya faɗi a banɗaki ko a tsakar gida, yawanci santsi ake ɗora wa laifi, ko a ce tsufa ne. Ba kasafai ake tunawa da ƙwayar da ya haɗiya kafin ya kwanta ba, alhali likitoci sun daɗe da sanya magungunan barci da na ciwon damuwa cikin manyan abubuwan da ke kayar da masu yawan shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki. Waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikin mamatan.

Me ya sa maganin ya fi ƙarfin tsoho?

Hanta da ƙoda su ke sarrafa magani su fitar da shi daga jiki, kuma aikinsu yana raguwa yayin da shekaru ke ja. Wani bincike da aka wallafa a 1975 ya nuna cewa jikin ɗan shekara 20 kan rage rabin diazepam, wanda aka fi sani da Valium, cikin kamar awa 20. A jikin ɗan shekara 80 kuwa sai an kai kusan awa 90.

Ke nan tsohon da ke sha kowane dare, na jiya bai fita ba zai ƙara na yau, sai maganin ya yi ta taruwa. Daga nan sai kasala da jiri da layi a tafiya. Bromazepam, wato Lexotan, shi ma dangin Valium ne.

Amitriptyline, da ake bayarwa don damuwa, wani lokaci kuma don ciwon jijiya ko rashin barci, yana iya sa jini ya sauka farat ɗaya idan mutum ya miƙe, ido ya rufe, ƙafa ta saki.

Sababbin magungunan damuwa irin su fluoxetine da sertraline ma ba su kuɓuta ba. Binciken da aka yi a gidajen kula da tsofaffi na jihar Tennessee ta Amurka, wanda ya fito a 1998, ya gano cewa bambancin yawan faɗuwa tsakanin masu shan sababbin da masu shan na da kaɗan ne.

Har da Piriton da Phenergan, waɗanda ake ɗauka ba komai ba ne, suna sa barci da ruɗewa.

Inda haɗarin ya fi yawa

Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka tana da jerin magungunan da ya kamata a kiyaye, mai suna Beers, wanda ta sabunta a 2023. Ta yi gargaɗin kada a haɗa wa tsoho uku ko fiye na magungunan da ke aiki a ƙwaƙwalwa.

A Najeriya doka ta ce sai da takardar likita ake sayar da irin su Valium, amma ba wuya a samu ɗa ko jika ya sayo wa tsohuwarsa a kyamis don ta yi ƙorafin rashin barci. Tsohuwar kuma za ta tashi fitsari cikin dare, ko alwalar Asuba cikin duhu, da buta a hannu, maganin bai sake ta ba.

Abin da aka fi tsoro shi ne karayar kwatangwalo. Da yawa ba sa komawa tafiya kamar da, kuma doguwar kwanciya kan jawo gyambo da ciwon huhu.

Abin da iyali za su yi

Kada a yanke maganin kwatsam. Wanda ya saba da Valium ko Lexotan, idan ya daina lokaci guda, yana iya shiga firgici da karkarwa, har da jijjiga. Shi ma ciwon damuwa ciwo ne na gaske da ke buƙatar magani, kuma barinsa na da nasa haɗarin.

A tattara duk abin da dattijon ke sha, na asibiti da na kyamis da na gargajiya, a kai wa likita ya duba. A kuma faɗa masa idan ya taɓa faɗuwa ko yana jin jiri.

Ragewa a hankali na da amfani. A wani gwaji da aka yi a New Zealand, wanda aka wallafa a 1999, haɗarin faɗuwa ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku ga tsofaffin da aka janye wa irin waɗannan magunguna sannu a hankali. Sai dai kusan rabinsu sun koma sha bayan an kammala gwajin, abin da ke nuna cewa sai da haƙuri da sa idon iyali.

A gida kuma, a saba masa da ɗan zama a bakin gado kafin ya miƙe. A ajiye masa tocila kusa, a kau da tabarma ko waya daga hanyar banɗaki, a sama masa takalmi mai kama ƙasa. Wanda ya fara sabon magani ko aka ƙara masa yawansa, a riƙa raka shi idan zai fita da dare, domin makonnin farko sun fi haɗari.