Allon Labari da Siffanta 'Yan Wasa a Fim ɗin Zane

Fim ɗin zane, wato katun, aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Ana nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka minti guda yakan buƙaci ɗaruruwan zane. Idan sai bayan an gama aka gane labarin bai tsaru ba, wahalar watanni ta tafi a banza. Shi ya sa ake fara shirya allon labari.

Allon labari jerin ƙananan zane-zane ne da ake kafewa a bango bi da bi, kowanne yana nuna mataki ɗaya na labarin. Inda bai gamsar ba, sai a cire takardar a sa wata. A kamfanin Walt Disney na Amurka aka bunƙasa wannan dabara a farkon shekarun 1930.

Haka kuma akan zana kowane ɗan wasa ta gaba, ta gefe da ta baya, a auna tsawonsa da girman kansa. Masu zane da yawa ne ke aiki a kansa, kuma dole kamanninsa su kasance ɗaya.

A da, akan kwafe zanen a kan roba mai garai-garai, a shafa launi da hannu. A 1990 Disney ya fitar da The Rescuers Down Under, wanda aka yi wa launi da kwamfuta gaba ɗaya. Yanzu yawanci da alƙalamin lantarki ake zana allon labari, gyara ya yi sauƙi, amma har yanzu sai mai zane ya iya sarrafa hannunsa.