Suna Biyu a Jikin A-kori-kurar Baba

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba aka zauna rabon gado a zaurenmu da ke Rano. Gida da gonaki biyu ba su ba malamin da ya zo rabon wahala ba. Abin da ya rage shi ne tsohuwar a-kori-kurar da ke fake a gindin darbejiya, tayoyinta sun zauna, kaji na ƙwai a bayanta. Mota ba ta yankuwa gida tara, sai aka ce a sayar a raba kuɗin.

Mai saye ya zo daga Kibiya, matashi ne mai son abin ɗaukar bulo da yashi, tare da bakanikensa wanda bai fi shekara ashirin da biyar ba. Yaron ya ɗaga bonet, ya goge wani ɗan farantin ƙarfe da ke manne a bangon ɗakin inji, ya karanta, ya sake duba takardun. Sai ya ce da Yayanmu: "Yallaɓai, takarda ta ce Datsun, ƙyauren baya ya ce Datsun, amma nan ciki Nissan aka rubuta. An yi wa motar nan dashe." Mai saye ya mayar da kuɗinsa aljihu, ya ce ba zai sayi abin da zai haɗa shi da 'yan sanda a hanya ba.

Babu wanda ya ambaci suna, amma idanu duka suka koma kan Kawu, ƙanin Inna. Shi ya ja motar tun ranar da Baba ya shigo da ita garin a 1978, har ranar da aka ajiye ta. Ana cikin wannan shiru wani dattijon maƙwabcinmu ya ce, tsakaninsa da Allah, a zamanin Abacha ya wuce ta Kibiya ya ga motar a ƙofar gidan Kawu, cikinta wayam, injin kuma yana rataye da sarƙa a reshen tsamiya.

Kawu bai musa ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce: "Motar tana nan, ba ta mutu ba. Ku tambaye ta." Ya hau kekensa ya tafi. Daren nan Inna, da ke cikin takaba, ba ta taɓa tuwonta ba. Ni kuwa na kwana ina tuna yadda mutumin nan ke ɗora ni a cinyarsa ina riƙe da sitiyari idan za mu Rurum ɗaukar dawa. Na yi niyyar in tambayi motar, kamar yadda ya ce.

Da takardun na fara. Ruwan wata damina ya taɓa su, layin lambar inji ya dushe, abin da ke karantuwa shi ne J15 a farko da lambobi uku na ƙarshe. Na samo kananzir da tsumma da samfefa, na durƙusa ina kankare baƙin mai na shekaru daga jikin injin, har lambar da aka buga a ƙarfen ta fito. Farkonta J15 ne, ƙarshenta kuma ya yi daidai da na takarda. Na ruga wurin Yaya da murna. Ya saurare ni, ya ce: "Ai lamba bugawa ake yi. Wanda ya iya sauke inji ya iya sa a buga masa lamba." Ban ji daɗin maganar ba, amma ba ƙarya ya faɗa ba, ana yin hakan.

Sai na ɗauko wani tsohon bakanike na garinmu, wanda ido ya fara yi masa rauni, ya daina aiki sai dai ya zauna a gareji yana nuna wa yara. Na zaci shi zai kashe maganar, ashe ƙara mata wuta zai yi. Ya shafa murfin injin, ya bi layin fulogi da yatsa, ya laluba inda kafireta take, ya yi shiru. Can ya ce: "Ɗana, ni a kan Austin da Morris na koyi aiki. Wannan ƙirar Ingila ce. Ko a duhu na taɓa ta na san ta." Kafin la'asar zancen ya zaga dangi: motar Japan, sunan wani kamfani a ciki, inji kuma na Ingila. Wata gwaggonmu har ta fara lissafin nawa sabon inji zai yi a wancan zamani.

Washegari na hau mota ta Bunkure na shiga Kano, na nufi kasuwar Ƙofar Ruwa da hoton farantin a wayata. Shago uku na shiga, samari ne a ciki, suka ce ba sa ajiye kayan irin wannan tsohuwar mota. A na huɗu na tarar da wani Alhaji mai furfura. Da ya ga hoton bai ce komai ba, ya tura yaronsa can ƙuryar shago, aka fito da wani ɗan kwali da ƙura ta rufe. Ya hure shi ya miƙo mini. A jikinsa sunayen biyu ne rubuce tare, Nissan da Datsun.

"Uwa ɗaya uba ɗaya ne," in ji shi. "Kamfanin shi ne Nissan, Datsun sunan da ya sa wa motar ne. Duk Datsun da ka taɓa gani, 120Y ce, Bluebird ce, Laurel ce, ka buɗe bonet za ka tarar da farantin nan. Ku yaran yanzu kun taso an riga an daina sunan."

Daga nan ya ɓalle da hira, na kuma bar shi, domin irin hirar da nake so ce. Ya ce bayan kuɗin Udoji sun shigo hannun ma'aikata a 1975, malamin makaranta da akawu 120Y suke hari, saboda ba ta shan mai kuma ba ta da fushi. Mai babban matsayi ya sayi Peugeot 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar. Manomi da ɗan kasuwar ƙauye kuwa a-kori-kura suke nema, kuma a ganinsa aibin Datsun ɗaya ne: bodinta ba shi da kauri, tsatsa na cin sa tun injin bai gaji ba. Na tuna ƙasan tamu motar, inda Kawu ya shimfiɗa katako saboda ana hango titi ta ƙarƙashin ƙafa. Na kuma tuna dalilin sayenta. An gama dam ɗin Tiga a 1974, noman rani ya buɗe a Kadawa da Bunkure, tumatir ya yi yawa, Baba ya ga cewa wanda ke da abin kai kwanduna birni kafin rana ta yi zafi shi ne zai ci riba.

Maganar Alhaji ta ishe ni, amma na san Yaya zai ce zancen ɗan kasuwa ne. Don haka na zauna na bi tarihin kamfanin da kaina. A 1911 wani injiniya mai suna Masujiro Hashimoto ya buɗe ƙaramar masana'antar mota a Tokyo, ana kiranta Kwaishinsha. A 1914 ya fitar da mota ya sa mata DAT, daga harufan farko na sunayen mutum uku da suka zuba masa jari: Den, Aoyama da Takeuchi. A 1931 aka yi wata ƙarama aka kira ta Datson, wato ɗan DAT a Turance. Sai aka lura cewa a harshen Japan "son" na nufin asara, kuma ba mai son ya sayar da mota da asara a sunanta. Aka mayar da shi Datsun, ƙarshen sunan ya koma rana, wadda ke jikin tutar ƙasarsu. Wani attajiri, Yoshisuke Aikawa, mai rukunin kamfanonin Nihon Sangyo da ake taƙaitawa Nissan a kasuwar hannun jari, shi ya karɓi aikin, ya kafa sabon kamfani a ƙarshen 1933, aka raɗa masa Nissan Motor a 1934, da masana'anta a Yokohama. Tun daga lokacin ƙananan motocinsa suka ci gaba da fita duniya da sunan Datsun, farantin ciki kuma yana ɗauke da sunan mai ƙira.

A 1981 shugabannin kamfanin suka yanke shawarar sunansu ɗaya ya tsaya a ko'ina. Na 'yan shekaru motoci suka riƙa fitowa da sunayen biyu a bayansu, zuwa 1986 Datsun ya ɓace. Shekarar nan kuwa ita ce ta SAP a Nijeriya, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane. Da aka koma sayen na hannu ta Kwatano, Sunny da Primera da Urvan suka shigo da sunan Nissan kaɗai. Ba wanda ya zo Rano ya yi shelar cewa an canza suna. Wanda aka haifa bayan nan, kamar bakaniken mai saye, kamar ni, ya taso yana ganin kamfanoni biyu ne. An dawo da sunan Datsun a 2013 don ƙananan motoci masu araha a Indiya da Indonesiya da Rasha da Afirka ta Kudu, aka sake rufe shi a 2022.

Ƙulli na farko ya warware. Saura ƙirar Ingila, kuma a nan ne na ƙara ganin girman tsohon bakaniken, domin hannunsa bai yi masa ƙarya ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan sun koma baya ƙwarai. A 1952 Nissan ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Austin na Ingila, ya fara harhaɗa A40, daga baya A50, har ya kai ga ƙera kowane ɓangare a gida. A kan tsarin injin Austin ɗin nan ya gina nasa injuna, aka yi ta gyara su ana inganta su, har zuriyar ta kai ga jerin da ake kira J. J15 mai lita ɗaya da rabi, wanda ke cikin a-kori-kura samfurin 620 da aka yi daga 1972 zuwa 1979, jikan Austin ne da aka haifa a Japan. Da na koma na faɗa wa tsohon, sai ya yi murmushi ya ce shi dai ya san jini ba ya ɓuya.

Na tara 'yan'uwana na shimfiɗa musu duk wannan, na ajiye kwalin da Alhaji ya ba ni aro a tsakiyar tabarma. Yaya ya juya shi, ya karanta, jikinsa ya yi sanyi. Amma ya ce: "To, injin da aka gani a tsamiya fa?" Ba ni da amsa. Shaidar ido ce, mai shaidar kuma ba maƙaryaci ba ne.

Amsar tana cikin motar. Aljihun gaban mota ya ƙi buɗuwa tun da daɗewa, tsatsa ta kama makullin. Na sa sukuddireba na ɓalle shi. A ciki akwai tsohon fulogi biyu, da carbi, da ɗan littafi mai bangon leda, cike da rubutun ajami na Kawu. Ni ban iya karanta ajami sosai ba, sai na kai wa malamin da ya yi mana rabon gado. Lissafi ne na kowace rana: lodi kaza zuwa 'Yankaba, mai na kaza, kamasho kaza, abin da aka kai wa Baba kaza. Malam ya yi ta buɗawa har ya iso wani shafi da aka ja wa layi. Ya karanta a hankali: an sauke inji, an sa ringi da fistan da gaskit, an biya bakanike, an mayar da inji ranar Alhamis. A ƙasa, inda sauran shafuka ke nuna an cire kuɗin gyara daga cinikin mota, nan an rubuta cewa kuɗin sa ne.

Malam ya ɗauka "kuɗinsa" ake nufi, na wani mutum. Inna ce ta gyara daga bayan labule, muryarta na rawa. Ta ce sa dai, na noma. Shekarar ce Baba ya kwanta ciwo wata huɗu, ga wahalar man fetur, gidan ba abin da ke shigowa sai ta motar. Ta tuna Kawu yana da shanun huɗa biyu, ta kuma tuna daminar da ya yi yana aron na maƙwabci, ya ce mata ɗayan ya sayar ne don wata buƙata. Ba ta taɓa tambayarsa wace buƙata ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka tafi Kibiya mu huɗu, Yaya a gaba. Tsamiyar tana nan, har da gurbin da sarƙa ta ci a reshen. Muka tarar da Kawu yana gyaran igiyar akuya. Yaya ya cire takalmi ya durƙusa, muka durƙusa a bayansa.

"Kawu, mun zo ne ka yafe mana. Mun zarge ka da abin da ba ka yi ba."

Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya tambaya ko mun taɓa injin. Na ce na kankare lambar kawai. Ya ce kar wanda ya yi gangancin tayar da shi a bushe, a fara cire fulogi a zuba ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a juya shi da hannu. Yaya ya ce magada sun yi shawara, kowa ya bar kasonsa, motar ta Kawu ce. Kawu ya girgiza kai, ya ce akwai marayu ƙanana a cikin masu gadon, ba a kyauta da haƙƙinsu, a yi mata kuɗi ya biya nasu kason bayan kaka.

Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jakar buhu, na ji ƙarar sifanu a ciki. Ya ɗaure ta a bayan keke, ya ce mu yi gaba, zai same mu a Rano kafin magariba, mu kuma nemo batir.